Sanyin da ya ƙi tafiya: ina sojojin jiki suke?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 29, aurena shekara shida, haihuwata ɗaya, mu biyu ne a wurin maigida. Kusan shekara biyu ke nan ina fama da sanyi. Ruwa yana zubo mini, wani lokaci da ƙarni, wani lokaci marata ta riƙa ciwo. Na yi gwaji sau uku, kullum sai a ce an ga mugunya da staf. Na sha kafso, na yi allurai, na yi matsi, na zauna a ruwan bagaruwa, sai ya lafa ya dawo. Mai kemis ya ce garkuwar jikina ce ta yi rauni, in sayi maganin ƙarfafa ta. Wai garkuwar jiki tana aiki a wannan wurin kuwa? In tana yi, me ya hana ta kare ni?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu 'yar'uwa, Allah Ya kawo sauƙi. Bari in fara ta kan kuɗinki: ki riƙe abinki, kada ki sayi maganin ƙarfafa garkuwar nan. Takardar gwajin da ke hannunki ma ta ƙaryata mai kemis. Mugunyar da aka rubuta an gani ba komai ba ce illa fararen ƙwayoyin jini, waɗanda muke kira sojojin jiki, da suka baro jini suka zo wurin, suka yi faɗa suka mutu. Wanda waɗannan sojoji suka ƙare masa da gaske, ko ƙurji ya yi da ƙyar yake tara mugunya. Naki suna fita aiki. Abin dubawa shi ne da wa suke faɗa, me ya hana faɗan ƙarewa, kuma me yake lalatawa a tsawon lokacin da ya ɗauka. Na ƙarshen nan shi ya fi tayar mini da hankali a matsayina na likitar mata.

Kalmar sanyi a bakin matanmu kwandon cefane ce, komai jefawa ake yi ciki. Gonoriya sanyi, kilamidiya sanyi (cututtuka biyu da ake ɗauka ta saduwa), rikicewar ƙwayoyin da ke zaune a farji sanyi, ƙaiƙayin fangas mai farin ruwa kamar dusar awara sanyi, har yauƙin lafiya da kowace mace ke gani a tsakiyar tsarkinta wasu sanyi suke ce masa. Jiki kuwa kowanne da yadda yake tunkararsa.

Sai kin gane wahalar aikin da aka ɗora wa garkuwa a wannan wuri sauran bayanin zai zauna miki. A fata ko a huhu dokar ɗaya ce: baƙo ya shigo, a far masa. A hanyar haihuwa abin da sarƙaƙiya. Maniyyi baƙo ne, daga jikin wani ya fito, amma dole a ba shi hanya. Ɗan tayi rabinsa na uba ne. Da ƙodar miji za a dasa wa mace ba tare da magani ba, jikinta zai ƙi ta, amma ɗansa wata tara yake yi a mahaifa ana ciyar da shi. Masu gadin wurin kamar dogaran ƙofar fada suke, bulala a hannu, amma an hore su da sanin wanda ake rusuna wa. Cikinsu ma akwai waɗanda aikinsu shi ne su ce wa sauran su dakata. A watanni ukun farko na ciki, kusan kashi 70 cikin 100 na fararen ƙwayoyin da ke bangon mahaifa wani jinsi ne da a cikin jini kisa ne sana'arsa, amma a nan sai ya ajiye makami ya koma taya mabiyiya gyara hanyoyin jini. Ƙwayoyin cutar da suka ƙware a wannan yanki ta wannan sassauci suke samun kafa.

Ginin wurin kansa kashi biyu ne. Bangon farji da wajen bakin mahaifa hawa-hawa ne, ƙwayoyin halitta a jere kan juna kamar tubalin ganuwa, na saman suna saɓulewa kullum su tafi da duk abin da ya maƙale musu. Daga cikin bakin mahaifa zuwa mahaifa da bututun ƙwai kuwa shafi ɗaya ne tak, siriri. Wannan siririn gonoriya da kilamidiya ke nema, shi ya sa mazauninsu na farko bakin mahaifa ne. A jikin yarinya mai ƙarancin shekaru shafin yakan leƙo waje sosai, dalili ke nan da amarya 'yar shekara goma sha ta fi mace babba saurin kamuwa. A ƙofar kuma akwai majina mai kauri da ke toshe hanya, cike da sinadaran da ke huda bakteriya, da wani mai suna laktoferin da ke ƙwace sinadarin ƙarfe ya hana su abin ci.

To amma masu gadin farko ba ma na jikinki ba ne, baƙi ne da suka zama 'yan gida. Bakteriya ce mai suna laktobasilus, dangin wadda ke mayar da madara kindirmo. Wani likitan Jamus, Albert Döderlein, shi ya bayyana ta a 1892. Sinadarin mace na estirojin yana sa bangon farji ya tara wani nau'in sitaci, ita kuma ta ci abin da ya narke daga gare shi, ta fitar da tsami irin na nono. A ma'aunin da ake kira pH, inda ruwan sha ke kan 7 kuma raguwar lamba ke nuna ƙaruwar tsami, farjin mace mai lafiya yana tsakanin 3.8 da 4.5. Duk matar da ta taɓa sayar da nono ta san kindirmo ya fi ɗanyar madara jure zafin rana. Haka abin yake a nan: yawancin ƙwayoyin cuta ba sa iya hayayyafa cikin tsamin. Jinin al'ada da maniyyi sukan karya shi na ɗan lokaci, domin dukansu sun haura 7, amma in 'yan gidan na nan da yawansu sai su mayar da shi yadda yake.

Yanzu dubi abin da kika yi shekara biyu kina yi musu. Kowane zagaye na kafso da allura da ba a san me ake nufi da shi ba yana iya kashe su tare da wanda ake nema, ko ma ya kashe su ya bar wanda ake nema. Sabulu ko ruwan kashe ƙwayoyin cuta da ake cusawa ciki da yatsa yana wanke tsamin da majinar. Bagaruwa kuwa, kin san da ita majema ke jeme fata. Abin da take yi wa fatar akuya, ta tsotse ta ta ƙanƙance ta, ɗan'uwansa take yi wa bangon da aka halitta don ya zauna da laima. Alimun da sauran haɗe-haɗen matsi haka. Matsewar da ake ji bushewa ce da kumburi, kuma busasshen bango yana tsagewa lokacin saduwa, tsagar da ido ba ya gani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na san masu sayar da kayan mata ba za su ji daɗin wannan magana ba, amma ni nake ganin wurin da fitila bayan an gama ciniki.

Idan laktobasilus ta ragu, wasu bakteriya da dama can suna nan 'yan kaɗan, irin su gadnarela, sai su cika wurin. Sukan shimfiɗa wani yauƙi a jikin bango su lafe a ƙarƙashinsa, inda magani ba ya ratsawa da kyau, su kuma fitar da sinadaran da ke narkar da majinar kariya. Ƙarnin kifin da kika ambata, wanda ke tsananta bayan saduwa ko bayan al'ada, nasu ne. A madubin likita ƙwayar bangon farji mai lafiya fes take, gefenta a fili, da 'yan sandunan laktobasilus a kewaye. Wadda ta kamu kuwa sai ki gan ta kamar tsiren da aka turbuɗa a ƙuli, gefen ma ya ɓace. Wani abin mamaki, wannan rikici shi kaɗai ba ya tara mugunya da yawa. Amma yana hana garkuwa sukuni, yana jawo ƙwayoyin garkuwa na CD4 zuwa bakin mahaifa, su ne kuwa abincin ƙwayar ƙanjamau. Wani bincike da aka yi kan 'yan mata a yankin Durban na Afirka ta Kudu, aka buga a 2017, ya gano cewa masu irin wannan cakuɗar sun ninka masu ingantacciyar laktobasilus fiye da sau huɗu wajen kamuwa da HIV. Kuma ko an sha maganin da ya dace, fiye da rabin mata yakan dawo musu cikin shekara guda.

Mu ce ƙwayar cuta ta tsallake tsami da majina ta taɓa bango. Ƙwayoyin bangon suna da wasu maɓallai da ke gane kayan jikin bakteriya, abubuwan da ba a samu a jikin ɗan Adam. Da sun ji su sai su yi kururuwa, wato su saki sinadaran kira. Jijiyoyin jinin da ke kusa su buɗe, wurin ya yi ja, ya kumbura, ya yi zafi. Masu fara amsa kira su ne nutrofil, waɗanda suka fi rabin fararen ƙwayoyin jini, kuma ɓargo ke ƙera kimanin biliyan 100 nasu kowace rana domin ba su da tsawon rai. Sukan matse jikinsu su kutsa ta bangon jijiya, su bi ƙanshin kiran har inda ya fi ƙarfi. Nutrofil yana haɗiye bakteriya, ya kulle ta a wata 'yar jaka a cikinsa, ya zuba mata guba dangin bilicin wanki. In abin ya fi ƙarfin haɗiya sai ya fasa kansa, ya watsa zaren da ke cikinsa kamar komar masunta, bakteriya su maƙale. Wannan dabarar ta ƙarshe sai a 2004 aka bayyana ta a Balin ta Jamus. Haɗiyar kuwa an daɗe da saninta. A 1882 wani masani ɗan daular Rasha, Ilya Mechnikov, yana zaune a Messina ta Italiya, ya soka ƙaya a jikin jaririn wata halittar teku mai siffar tauraro, wadda ake hango cikinta garau. Da gari ya waye ya tarar wasu ƙwayoyi sun yi wa ƙayar zobe. Daga nan ilimin ya taso, har ya kai shi ga kyautar Nobel a 1908.

Bayansu akwai makrofaj, manya masu daɗewa, masu kwashe gawarwaki da ba da umarnin gyara. Akwai kuma 'yan rahoto masu dogayen yatsu da ke gutsuro wani yanki na baƙon su kai shi kaluluwa, ta matsematsi ko ta can cikin ƙugu. A can ake zaɓo ƙwayoyin T da suka dace da wannan baƙo, da ƙwayoyin B masu ƙera sinadaran da ke maƙale masa su yi masa shaida. Wannan mataki yana cin kwanaki zuwa mako biyu, kuma shi ne ke barin tuni, irin wanda ke hana mutum yin ƙyanda sau biyu. Tambayarki ta gaskiya a nan take: me ya sa sanyi bai zama kamar ƙyanda ba?

Ɗauki gonoriya. Albert Neisser ya gano ƙwayarta a 1879, kuma hoton da ya gani shi muke gani har gobe. In aka shafa mugunyar a gilashi aka rina, sai ki ga nutrofil cike da 'yan jajayen ƙwayoyi bibbiyu, kowane biyu suna fuskantar juna kamar waken da aka ɓare. Ɗalibi yakan ɗauka ya ga sojan da ya ci nasara. Alhali wasu daga cikinsu da ransu, har hayayyafa suke yi a cikin wanda ya haɗiye su, domin sun san yadda ake hana gubar isowa jakar. Ƙwayar tana da wasu gasu da take kama bango da su, kuma tana sauya ƙirarsu a kai a kai. Kafin jiki ya gama ƙera abin da zai gane rigar yau, ta sake wata. Tana da almakashin da ke yanka wani jinsin sinadaran shaidar. Tana ɗebo wani sukari na jikin mutum ta shafa, kamar ɓarawon da ya sa rigar ɗan gida. Laktoferin ɗin nan da aka ajiye don ya hana ta ƙarfe, daga hannunsa take fizge ƙarfen. Sakamakon shi ne mutum ya warke yau, ya sake ɗauka wata mai zuwa daga wanda ya ba shi ta farko, jiki kuma ya tarbe ta kamar bai taɓa ganinta ba.

Ga wani abin da zai ba ki mamaki: ƙwayar gonoriya 'yar'uwar ƙwayar sanƙarau ce ta jini, wanda muka sani sarai a lokacin zafi. A ƙasar Niyu Zilan an yi wa matasa rigakafin wani nau'in sanƙarau daga 2004, daga baya aka lura gonoriya ta ragu a cikinsu da kimanin kashi 31 cikin 100. A kan irin wannan hujja Ingila ta fara ba wa masu haɗarin kamuwa makamanciyar allurar a 2025. Kada dai a ruɗe, rigakafin sanƙarau da ake yi a ƙasashenmu na wasu nau'o'i ne daban, ba ya wannan aiki.

Kilamidiya ita ba ta son hayaniya, kuma ita na fi jin tsoro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta sababbin kamuwa miliyan 129 a 2020, gonoriya kuma miliyan 82. Yawancin matan da ke ɗauke da ita ba sa jin komai. Ba ta iya rayuwa sai a cikin ƙwayar halittar mutum. Takan shiga a ƙanƙance kamar iri, ta gina ɗaki a ciki, ta rikiɗe ta hayayyafa, bayan kwana biyu zuwa uku ta fito da ɗaruruwan 'ya'ya su kama maƙwabta. Tana cikin ɗakin, nutrofil da sinadaran shaida ba sa kai mata. Sai jiki ya koma ga dabarar yunwa. Ƙwayoyin T suna sakin wani sinadari, intaferon gama, wanda ke umartar ƙwayar da aka shiga ta lalata wani abincin gina jiki mai suna tiriftofan, wanda kilamidiya ba ta iya yi sai da shi. Sau da yawa hakan na kashe ta. Wani lokaci kuma sai ta yi likimo, ta daina hayayyafa, ta jira. Nau'in da ke kama al'aura ma yana da wata mafita: yana iya haɗa abincin da kansa daga wani sinadari, indol, wanda wasu daga cikin bakteriyar nan masu cika wuri bayan tafiyar laktobasilus ke fitarwa. Kin ga yadda abin ke haɗuwa. Matar da ta kori 'yan gida da matsi da kafso tana iya zama ta buɗe wa kilamidiya kantin abinci a daidai lokacin da sojojinta suka yi mata takunkumi.

In kina son ganin abin da doguwar rigima da kilamidiya ke haifarwa, ba sai an buɗe ciki ba. Dubi idon tsohuwar da ke fama da amodari a karkarar Arewa ko Nijar. Wannan ƙwayar ce, nau'inta na ido. Kamuwa kan kamuwa tun yarinta, kumburi kan kumburi, har cikin fatar ido ya yi tabo ya tattare, gashin ido ya juya yana gogar ƙwayar idon. A lokacin da makanta ke zuwa, sau da yawa ƙwayar cutar ta daɗe da tafiya. Tabon da faɗan ya bari ne ke aikin.

Haka yake faruwa a bututun ƙwai. Tsawonsa kamar santimita 10 ne, kuma a wani wurin ramin bai fi tsinken tsintsiya faɗi ba. Cikinsa shimfiɗe yake da 'yan gasu masu kaɗawa, su ke tura ƙwai zuwa mahaifa. Idan cuta ta hau can, gubar da nutrofil ke zubawa ba ta tantance bakteriya da naman gida. A gonoriya an nuna cewa ƙwayar wasu ƙwayoyin bangon take kamawa, amma masu gashin ne ke zubewa, saboda ɓurɓushin jikinta da sinadarin kumburin da jiki ya saki a kansa. Masu gyara in sun zo da tabo suke cikewa, tabo kuwa ba ya kaɗawa. Na sha shiga tiyata in tarar da bututu ya toshe ya cika da ruwa, ya kumbura kamar hanjin rago, ga zare-zaren tabo sun ɗaure shi da hanji. Wani lokaci har saman hanta ake samunsu, a miƙe kamar tsirkiyar goge. In ka tambayi mai shi sai ta ce ita dai ta san tana ɗan ciwon mara shekarun baya.

A birnin Lund na Suwidin an bi matan da aka tabbatar da wannan ciwo a jikinsu ta hanyar leƙa ciki da madubi, tsawon shekaru, aka fitar da sakamakon a 1992. Cikin masu neman haihuwa, wadda ciwon ya kama sau ɗaya, 8 cikin 100 bututunsu ya hana su. Sau biyu, kusan 20. Sau uku ko fiye, 40. Ciki a wajen mahaifa ma ya ninka sau da dama. Waɗanda suka yi jinkirin zuwa asibiti sun fi shan wahala. Shi ya sa ciwon marar da kika ambata a tsakiyar saƙonki, kamar ba komai ba, ya fi ruwan da ƙarnin muhimmanci a wurina. Ban sani ba ko haihuwa ɗayan nan tsari ne ko jira, amma in jira ne, ki faɗa wa likitan da zai duba ki.

Ƙarfin gadin kuma yana hawa da sauka da kwanakin wata. Daga lokacin sakin ƙwai zuwa kamar mako guda ko kwana goma, jiki yana sassauta tsaro don maniyyi da ɗan tayi. Lokacin al'ada toshiyar bakin mahaifa tana buɗewa, tsami ya karye, jini ya kawo ƙarfe, shi ya sa ciwon mara na gonoriya ya fi tashi a ƙarshen al'ada. Bayan haihuwa ko ɓari ƙofar a buɗe take, yankan gishiri da duk wani cushe-cushe a lokacin ganganci ne.

Saura staf. Wannan ƙwaya a fata da hanci take zaune a jikin mutane da yawa masu ƙoshin lafiya. In aka ɗauki ruwa da auduga ta gogi fata a hanya, ko ma ba ta goga ba, tana iya tsirowa a farantin gwaji. Gonoriya kuwa raguwa ce a wajen jiki, da ta bushe ta mutu, shi ya sa zancen ɗaukarta a masai ba shi da tushe, kuma sai da faranti na musamman take tsirowa. Kilamidiya ba ta tsirowa a farantin sam. Wato gwajin da kika yi sau uku ba zai iya ganin babbar wadda ake zargi ba, sai ya kama ɗan kallo ya rubuta sunansa. Mugunyar da ke takardar gaskiya ce, sunan mai laifin ne nake shakka. Staf tana iya yin mummunar ɓarna a rauni ko bayan haihuwa, amma ba ita ce ke bayan yawancin abin da ake kira infekshan ba.

Abin da nake so ki yi ga shi. Ki daina cusa komai, tsarki da ruwa a waje ya wadatar. Ki je wurin likitan mata a duba bakin mahaifa da ido, a taɓa mara a ji ko akwai zafi, a duba ruwan a madubi nan take. In akwai hali a yi gwajin PCR na gonoriya da kilamidiya, wanda ke gano su ko da sun mutu. In babu, likita zai yi magani bisa alamomi. Yawanci allurar seftiriyazon ce ga gonoriya, domin ta daɗe da gagarar su fenisilin da sifuro, doksisaikilin na kwana bakwai ga kilamidiya in ba ciki, Flagyl ga rikicin ƙarni. In ciwon ya hau sama zuwa mahaifa da bututun ƙwai, haɗin kwana 14 ne, kuma a shanye ko an ji sauƙi a kwana na uku. A gwada sukari da HIV, domin su ne ke raunana garkuwa da gaske, kuma kowanne yana da maganinsa na haƙiƙa.

Mai wuyar ita ce maganar maigida da abokiyar zamanki. Tunda jiki ba ya riƙe tunin waɗannan cututtuka, in an yi wa mutum ɗaya magani a gida mai mutum uku an kashe maciji ba a sare kansa ba. In gwaji ko duba ya nuna gonoriya ko kilamidiya, ku ukun za ku sha a lokaci guda, a kuma ɗaga kwana na mako ɗaya. Namiji na iya ɗauke da kilamidiya ba ya jin komai, kuma tana iya yin shekara ko fiye a jiki, don haka ba a gane wanda ya kawo ta, neman sanin ma ɓata zama ne kawai. Ko rikicin ƙarnin, wanda aka daɗe ana cewa ba ruwan miji, wani gwaji a Ostireliya da aka buga a 2025 ya nuna in an haɗa da mijin, dawowarsa cikin mako 12 ta sauka daga kashi 63 zuwa 35 cikin 100. In maganar ta yi miki nauyi a baki, ki roƙi likita ya rubuta wa maigida takarda ya zo. Na lura maza sun fi karɓarta daga bakinmu.

In zazzaɓi ya haɗu da ciwon mara, ko saduwa ta koma zafi can ciki, ko al'ada ta yi jinkiri sannan gefe ɗaya ya kama ciwo da ɗigon jini ko jiri, kada ki kwana a gida, ko da tsakar dare ne. Ranar da za ki asibiti kuma ki tattara takardun gwajin nan uku da kwalayen duk abin da kika sha ko kika cusa, har na matsin, ki zuba a leda ki tafi da su.